Yadda A Ke Zaɓen Faifan CD Mai Ƙarko

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi muku bayani a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda ya jawo mini babbar hasara, don kada abin da ya same ni ya sami waninku. Abin nan kuwa shi ne faifan CD wanda ba a zuba kome a cikinsa ba tukuna, wanda masu shago ke kira emti.

Na sani wani zai ce, "Kai, wa ke ta faifai yanzu, ga waya ga filas?" Gaskiya ne kasuwarsa ta ja da baya, har yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su zuwa da wurin sa shi. Amma duk wanda aka taɓa turawa ƙauye gwajin koyarwa ya sani akwai makarantun da ba su da wani abin sauraro sai tsohuwar rediyo mai cin faifai, wadda ke kulle a kabad ɗin hedimasta. Ban da wannan kuma, faifai in an zuba masa magana an rufe, ba mai iya share ta bisa kuskure, cutar kwamfuta kuma ba ta da ƙofar shiga. Saboda haka har yanzu da sauran amfaninsa a hannun malami.

Ga yadda abin ya faru. A shekarata ta fari a kwalejin nan, malaminmu na harshe ya ce kowa in ya tafi hutu ya samo tatsuniyoyin garinsu. Da na isa gida sai na zauna wurin kakata dare huɗu, tana yi ina ɗaukar muryarta da waya, har muka sami tatsuniya goma sha ɗaya a cikin harshenmu, wanda yaran yanzu ba su ji sosai. Da na komo makaranta waya ta cika, sai na tafi bakin tasha wurin wani mai tebur, na ce ya ba ni faifai mafi araha. Ya zaro ɗaya daga cikin tuli, ba gida ba leda, ya goge shi da gefen rigarsa ya miƙo mini. Na zuba tatsuniyoyin a kwamfutar wani abokina, na sa a rediyo na ji muryar kaka rangaɗau, sai na share na cikin waya. Faifan kuwa na ajiye shi a kan taga tare da littattafaina.

Bayan shekara biyu kakata ta rasu. Ba a daɗe ba aka tura ni gwajin koyarwa, na yi niyya in sa wa 'yan aji huɗu su ji. Yara suka yi tsit, tatsuniya ta fari ta wuce lafiya, ta biyu da ta uku da ta huɗu haka. Da aka shiga ta biyar sai murya ta fara in'ina, tana tsalle tana komowa, yara suka fashe da dariya, daga nan sai shiru. Na fitar da faifai na ɗaga shi sama, sai na ga gefensa ya yi dabbare-dabbare, haske na wucewa ta waɗansu 'yan ƙofofi. Na kai wa masu gyara biyu, ba wanda ya iya ceto sauran bakwai ɗin. Da na sani ƙeya ce. Tun daga ran nan na shiga bincike, abin da na koya kuwa shi ne zan faɗa muku.

Kafin mutum ya iya zaɓe, sai ya san yadda aka gina abin. Kamfanin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan su ne suka fito da faifan CD a 1982. Irin wanda mutum ke iya zuba wa magana da kansa, watau CD-R, ya biyo baya a 1988, kamfanin Taiyo Yuden na Japan ne kuwa ya fara ƙera shi. Faɗin faifan santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2. In ka dube shi sai ka ce abu guda ne, amma hawa-hawa ya ke. Daga ƙasa akwai roba mai haske kamar gilashi, ita ce kusan dukan kaurin. A bisanta an shafa rini, bisa rinin an shimfiɗa azurfa ko zinariya siririya ƙwarai, sa'an nan aka rufe da wani shafe mai kama da fenti wanda bai kai kaurin gashin kai ba. A kan wannan shafe ne a ke buga sunan kamfani.

A jikin robar akwai wani siririn layi wanda ido ba ya gani. Ya fara daga tsakiya yana kewayawa har ya kai baki, daidai yadda mata ke saƙa faifan kaba, daga cibiya zuwa gefe. Da za a warware shi ya fi kilomita 5, watau mil 3 da wani abu. Sa'ad da a ke zuba magana, wani haske mai ƙarfi da a ke kira lesa shi ke bin layin nan yana toya rinin ɗigo-ɗigo, shi ya sa Turawa ke kiran aikin ƙonawa, yaran shago kuma su ce bonin. In an zo sauraro, sai haske marar ƙarfi ya sake bin layin. Inda rini ya ke lafiya sai hasken ya wuce ya bugi azurfa ya komo, inda aka toya kuwa sai ya dushe. Daga wannan bambanci ne na'ura ke gane abin da aka rubuta.

To, kun ga ashe maganarka duka a jikin rini ta ke kwance. Faifan waƙa wanda aka buga a masana'anta ba haka ya ke ba, shi a jikin robar kanta aka danna ramukan, don haka ya kan fi jure wahala. Namu na gida kuwa, in rini ya koɗe, ko azurfa ta yi tsatsa, ko shafen bisa ya ɓare, shi ke nan. Tun da ya ke daga tsakiya a ke fara rubutu, gefe kuwa shi ne inda danshi ke fara shiga, kuma nan ne aikin ƙwarai da na banza ke rabuwa wajen shafa rini, abin da ke ƙarshen faifai shi ke fara lalacewa. Dalilin da ya sa na tsira da tatsuniya huɗu na fari ke nan, na rasa na baya.

Duk wanda ya taɓa sayen baƙin zane ya sani rini iri-iri ne. Akwai wanda zai tsufa da launinsa, akwai wanda wanki biyu ya ishe shi. Na faifai ma haka ne, iri uku ne manya. Na fari sunansa sayanin, shi ne na Taiyo Yuden, bayan faifansa ya kan yi shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Shi ne ya fi tsoron rana, sai an gauraya shi da abin da zai ƙarfafa shi. Na biyu sunansa azo, na kamfanin Mitsubishi ne, ana samunsa a waɗansu faya-fayan Verbatim, launinsa shuɗi ne sosai. Na uku sunansa fatalosayanin, wanda kamfanin Mitsui Toatsu ya fito da shi, launinsa ba shi da ƙarfi, har faifan ya kan yi kamar fari mai ɗan kore, ko kuwa ruwan zinariya in zinariya ce a ciki. A 2004 ma'aikatar awo ta gwamnatin Amurka, wadda a ke kira NIST, ta buga sakamakon wani gwaji inda aka sa faya-fayai cikin zafi da danshi da haske mai ƙarfi. Masu rini na ukun nan su suka fi jurewa, balle waɗanda ke da zinariya a ciki. Dalili kuwa, zinariya ba ta tsatsa, azurfa kuwa tana baƙi in iska mai danshi ta same ta.

Amma kada ka ce tun da ka san launi ka gama. Da yawa daga cikin masu araha ma da rini na ukun nan a ke yin su. Rini mai kyau a hannun marini marar kula ba ya hana zane dabbare. In ba a shafa shi daidai ba, ko ba a rufe bakin faifan da kyau ba, ba inda za shi. Abin tambaya shi ne, wace masana'anta ce ta yi shi?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, gama sunan da ke bisa kwali sau da yawa ba na maƙerin ba ne. Masana'antun faifai kaɗan ne a duniya, su ke yi wa kamfanoni masu yawa, kowa ya buga sunansa ya kai kasuwa. Manya daga cikinsu su ne CMC Magnetics da Ritek, dukansu a Taiwan. Akwai Moser Baer ta Indiya a dā, amma ta rushe a 2018. Taiyo Yuden, wadda masana suka daɗe suna yabo, ta daina yin faifai a ƙarshen 2015, ta sayar wa CMC da dabarunta, ana kuwa sayar da irin wannan da sunan CMC Pro. Sunan Verbatim ma CMC ta saye shi daga hannun Mitsubishi a 2019. Saboda haka in wani dattijo ya ce maka suna kaza bai taɓa ba shi kunya ba, yana da gaskiyarsa, sai dai mai yiwuwa ne abin da ke cikin kwalin yau ba daga inda nasa ya fito ba ne. Har suna guda ya kan zo da iri biyu, mai tsada da mai araha, daga wurare dabam.

Akwai hanyar gane maƙeri. Kowane faifan emti yana da wata lamba ɓoye a cikin layin nan na tsakiya, ana kiranta ATIP, ita ke gaya wa na'ura wanda ya yi shi da yawan abin da zai ɗauka. In ka sa faifan a kwamfuta mai manhajar ImgBurn, wadda kyauta ce, za ta nuna maka lambar da sunan masana'antar tun ba ka zuba kome ba. Misali, 97m24s01f ta Taiyo Yuden ce. Amma a yi hattara, an sha samun masu jabu suna satar lambar nan suna sa wa nasu. In ka ga lambar babban maƙeri a jikin faifan da a ke sayarwa kuɗin ƙosai, ka yi shakka.

Yanzu ga abin da na ke yi in na shiga kasuwa. Da fari na kan karanta kwali in tabbata CD-R ne. Akwai DVD-R mai kama da shi ƙwarai, ya fi shi ɗaukar kaya nesa, amma rediyon CD ba ta karanta shi ko kaɗan. Akwai kuma CD-RW, wanda ya fito a 1997, shi ana iya sharewa a sake rubutawa. Ba rini ne a cikinsa ba, wani gaurayen ƙarfe ne, kuma ba ya mai da haske sosai, don haka tsofaffin rediyoyi da yawa su kan ƙi shi. Yana da kyau don gwaji, amma ban da ajiya.

Na biyu, na kan duba yawan abin da ya ke ɗauka. Na dā minti 74 ne, watau megabait 650. Wanda ya fi yawa yanzu minti 80 ne, megabait 700, shi na ke saye. In ka ga an rubuta minti 90 ko 99, bar shi. An matse layinsa ne fiye da ƙa'ida don ya ɗauki ƙari, na'urori da yawa kuwa ba su iya binsa har ƙarshe. Wanda aka rubuta wa cewa na kiɗa ne musamman, an yi shi ne domin wata na'urar ɗaukar waƙa ta falo wadda ba ta karɓar sauran. In da kwamfuta za ka yi aiki, ba ka bukatar ƙarin kuɗin nan.

Na uku, ba na sayen tsirara. Faifan da ke zube a tebur rana na dukansa, ƙura na hawansa, kowa ya zo ya taɓa, ya fara tsufa tun ba a yi aiki da shi ba. Ka nemi wanda ke cikin ledarsa ta masana'anta ba a buɗe ba, a shagon da ke da inuwa. In kuɗinka bai kai na kwali guda ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya ku raba.

Na huɗu, na kan ɗaga guda in duba shi a haske. In na ga 'yan ƙofofi kamar an huda da allura, ko rini ya yi gajimare wani wuri ya fi wani duhu, ko bakin yana da kaushi ko danƙo, sai in mayar. Na kan fi son mai farin shafe a bisa, irin wanda a ke buga wa hoto, gama shafen nan ƙarin kariya ne ga azurfar da ke ƙarƙashinsa.

Na biyar, kafin in sayi da yawa na kan sayi biyu in gwada. Gwajin kuwa sai a cika faifan har baki, tun da mun ga a gefe ne aibi ke ɓuya. In ka zuba minti goma kaɗai ka ji ya yi, ba ka gwada kome ba. In ka cika shi, ka sa a rediyon da za ka yi aiki da ita a aji, ka tsallaka zuwa magana ta ƙarshe ka saurara. Ka sani kuma, kowace na'ura tana da 'yar dabarar gyara kuskure, tana cike gurbin abin da ta kasa karantawa ba tare da ka ji ba. Shi ya sa mugun faifai ke yin daɗi ran fari. Kurakuran suna nan tun farko, suna ƙaruwa a hankali, ran da suka fi ƙarfin na'ura sai ka ji in'ina. Kyan ɗan maciji ke gare shi.

To, in an sami faifai na kirki, saura a yi masa adalci wajen zubawa. A kwali za ka ga an rubuta 52x, watau iyakar saurinsa. Ma'anar 1x ita ce faifan minti 80 ya ci minti 80 kafin ya cika. A kan 52x wajen minti 3 ya isa, amma a wannan gudu lesa ba ta samun sukunin toya ɗigon da kyau, sauri kuwa ya kan haifi nawa. Ni na kan sa 16x, ya gama cikin kamar minti 6. Kada kuma a yi ƙasa ƙwarai, gama rinin yanzu an yi shi ne don gudu, tafiyar hawainiya ba ta yi masa daɗi. Ka tabbata batirin kwamfuta a cike ya ke, don in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki faifan ya tashi a banza. Ka umurci manhaja ta rufe faifan in ta gama, in ba haka ba rediyo ba za ta gane shi ba. Ka kuma sa ta ta sake karanta abin da ta rubuta ta gwada da na asali. Minti kaɗan ne, kada ka yi ƙyashinsu.

Wani abu kuma, zubi iri biyu ne. Akwai zubin waƙa, wanda kowace rediyo ke karantawa, akwai zubin fayil, irin na kwamfuta. Na fayil yana da ƙarin dabarar gyara kuskure wadda na waƙa ba shi da ita. Saboda haka abin da ka ke so ya daɗe, ka yi masa zubin fayil ka ɓoye, sa'an nan ka yi na waƙa dabam don aji, wanda in yara sun karce ba kome.

Wajen ajiya, abokan gaban faifai uku ne, rana da zafi da danshi, ƙasarmu kuwa ba wanda ta rasa a cikinsu. Kan taga, da gaban mota, da saman kabad ƙarƙashin rufin kwano, duk makabartar faifai ce. Ka sa kowane a gidansa, ka jera su a tsaye kamar littattafai a wuri mai duhu da sanyi. Ka riƙe shi ta baki da ramin tsakiya. Mutane su kan lallaɓa ƙasansa su yi sakaci da bisansa, alhali kuwa bisan ne ya fi haɗari. Karce a ƙasa roba kaɗai ya taɓa, a kan iya goge shi, amma karce a bisa ya kan tafi da azurfa da rini gaba ɗaya. Don haka kada ka yi rubutu a kai da biro ko fensir, sai da maka mai taushin baki, in so samu ne a ɗan farin da'irar nan ta tsakiya inda ba a rubuta kome. Kada ka manna masa takarda, gama in ta ɗago ta kan ɗago da shafen. In ƙurar hunturu ta hau shi, ka hure tukuna, sa'an nan ka goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ban da kewayawa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi duka, shi ne kuwa wanda na taka. Kome kyan faifai, kada ya zama shi kaɗai ke riƙe da abin da ba ka iya sake samu. Ka yi biyu daga masana'anta dabam-dabam, ka ajiye su a gida dabam-dabam, ka bar wani kuma a filas ko a kwamfuta. Kowace shekara ka fito da su ka saurari ƙarshensu, in ka ji alamar in'ina ka juye a sabo tun da sauran dama. Bambancin kuɗin da ke tsakanin faifan da na saya a tasha da na kirki bai kai na kwanon abinci ba, ga shi ya ci mini tatsuniya bakwai. Araha ba ta ado.

Huɗun da suka tsira yanzu suna kan faifai biyu, ɗaya a akwatina, ɗaya a wurin kawuna a gida. An gaya mini ƙanwar kakata tana nan da ranta a wani ƙauye bayan namu, kuma ta san waɗansu daga cikin bakwai ɗin, ko da ya ke muryar ba za ta zama ɗaya ba. In Allah ya kai mu hutun nan can na nufa. Ku ma da ke da tsofaffi a gida, ina roƙonku ku ɗauki abin da ke bakinsu tun suna nan, ku kuma duba irin faifan da za ku ba ajiyarsa.